Launi, Ɗanɗano da Wari

Shekarar da mahaifina ya rasu na haƙa rijiyar. Ni tela ne, ƙarfina bai kai na gina masa masallaci ba, sai na ce to, a yi ruwa. Gidana yana Suleja, kan hanyar Maje. A lokacin unguwar gonaki ce da gidaje jefi-jefi, famfo bai iso ba, har yau ma bai iso ba. Na sa aka haƙa ta a ƙofar gida, wajen katanga, don kada wani ya tsaya yin sallama kafin ya sha. Mahaƙa suka yi makonni suna fama da dutse, sannan ruwa ya ɓullo, garai-garai, da sanyi kamar na sabuwar randa. Na ɗaura guga da igiya mai kauri, na ce duk wanda ya ja, ladan na tsoho ne.

Abin da na sani game da ruwa a zauren malaminmu na koye shi tun ina yaro. Ruwa mai tsarki shi ne wanda launinsa bai canja ba, ɗanɗanonsa bai canja ba, warinsa bai canja ba. A babin alwala malam ya karantar da mu wannan, kuma daidai ya karantar. Ni ne na ɗauko hukuncin alwala na kai shi inda ba a aike shi ba.

Bayan 'yan shekaru gari ya biyo mu. Abuja ta cika ta tumbatsa, ma'aikatanta suka riƙa neman ɗaki a Suleja, gonaki suka koma bulo da kwano. Filin da ke bayan katangata, wanda ya ɗan fi gidana tudu, aka ba 'yan gwangwan haya. Da farko ƙarafuna suke tarawa da matattun firji. Daga baya suka koma batiran mota. Su sa gatari su fasa batir, su tsiyaye ruwansa a ƙasa, su zare farantan dalmar da ke ciki, wani lokaci su narka su a rabin durom. Hayaƙin yakan shigo mana har tsakar gida. Da damina kuwa, ruwan saman Suleja ba ya wasa, sai ya wanke filin nasu ya biyo gindin katangata, ya zagayo ta gefen rijiya, sannan ya faɗa kwata. Mutanen kirki ne a zama. A rijiyata suke alwala, sahu ɗaya muke bi. Ranar da wasu maƙwabta suka yi ƙorafin hayaƙi, ni ne na ce a ƙyale su, halal suke nema.

Auta a makare ta zo mana. Yayyenta biyu sun girma, macen tana aure a Gawu, namijin yana karatu a Kaduna, mun ɗauka mun gama, sai Allah Ya kawo ta. Tana da kofinta na roba, kore, mai kunne ɗaya, ba ta yarda ta sha a wani. Harshenta bai iya cewa rijiya ba, sai ta ce jiya. In na dawo daga shago ta tare ni a ƙofa da kofin, ta ce, "Baba, ruwan jiya." Ba ta son na randa, sai wanda na ja a gabanta, don ta ga guga yana fitowa yana ɗigowa. Ni kuwa ina jin daɗin haka. Ina cewa a raina, jika ce take shan sadakar kakanta.

Tana da shekara uku muka sa 'yan haya a ɗakuna biyun da na ƙara. Mata da miji ne, 'yan Kano. Mijin aikinsa ya kai shi Legas, sai wata-wata yake zuwa. Matar tana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Abuja, ta fita da asuba don ta sami mota, ta dawo bayan magariba. Malama muke ce mata. Ba ta da hayaniya, tana girmama maiɗakina, tana saya wa auta biskit. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Ruwan rijiyata wanki kawai take yi da shi da wanka. Na sha kuwa sai na leda, jaka-jaka ake kawo mata.

Wata Asabar da hantsi ina zaune a bakin rijiya ina gyaran igiyar guga, ta fito ta durƙusa.

"Baba, barka da hutawa."

"Barka kadai, Malama. Yau an huta da tseren mota."

"Wallahi kuwa. Baba, alfarma na zo nema. Ka yi mini izini in ɗebi ruwan nan kaɗan in tafi da shi wurin aiki."

"Can Abujar ruwa ne ya ƙare muku?"

Ta yi dariya. Ta ce ba haka ba ne, masu fasa batir ɗin nan ne suke damunta, ta ga inda ruwansu yake bi. Ta ce a wurin aikinsu suna gwada wani abu da ake kira aftama. Ɗan zare ne, in ji ta, ƙanƙane ƙwarai, ido ba ya ganinsa, irin zaren nan da ke cikin jikin kowane mai rai, wanda ta cikinsa ɗa yake gadon kamannin ubansa, wanda ake ce wa DNA. Nasu ba daga jikin kowa ake ciro shi ba, haɗa shi ake yi. Kowane zare da gubar da ya sani. Akwai na maganin ƙwari, akwai na dalma. In ya gamu da tasa sai ya naɗe ya ƙulle ta, sauran abin da ke cikin ruwan kuwa ko kallo.

Na ce, "Malama, ni kike ba labarin zare? Shekara talatin yana hannuna, ban taɓa ganin wanda ya yi karatun likita ba."

Na tashi na ja guga, na cika kofin gilashi, na ɗaga shi saitin rana.

"Duba mini. Launi?"

"Garai-garai, Baba."

Na sansana. "Wari?" Na kurɓa. "Ɗanɗano? To me ya rage?"

"Baba, wannan ai hukuncin alwala ne. Dalma ba ta da launi a ruwa, ba ta da wari."

"Ruwa ba ya tsami banza, Malama. Wannan kuwa bai yi tsami ba."

Sai ta ce ko da auta ce kaɗai, a riƙa ba ta na leda, ita za ta riƙa kawowa. A nan ne raina ya ɓaci. Na ce 'yata ba ta fi 'ya'yan unguwa ba. Na ce ruwan nan sadakar mahaifina ne, ba za a ɗauke shi a kwalba a kai shi gaban alƙali kamar ɓarawo ba. Na faɗa ina dariya, amma ta gane ba wasa nake ba. Ta ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Baba," ta tashi ta shiga ciki.

Rijiyar nan a waje take. Kowa yana ɗiba, har masu wucewa. Da ta ga dama da ta cika kwalbarta ba wanda ya sani. Tarbiyya ce ta sa ta tambaye ni, tarbiyya ce kuma ta sa ta bari da na hana. Na sha zama ina jin haushin tarbiyyar nan tata. Na san ba adalci ba ne, amma na ji.

Farkon daminar nan aka tura ta kwas na wasu watanni. Ba ta nan auta ta fara ciwon ciki. Ta daina cin abinci, ta koma yawan kuka, ita da ba ta da rigima. Muka je kemis aka ce tsutsar ciki ce. Ba sauƙi, muka je asibiti aka ce maleriya, daga baya aka ce taifot. Kowane magani aka rubuta mun saya. Tafin hannunta ya yi fari. Kalmomin da ta iya suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ta koma nuni da yatsa. Wata tsohuwa ta ce iska ce, aka karɓo rubutu. Ban ƙi komai ba. Abin da ban taɓa tsayawa na duba ba shi ne, kowace ƙwaya da ruwan rijiya ta haɗiye ta, rubutun ma da shi aka wanke allon.

Wata Talata da la'asar ta fara jijjiga. Muka kai ta asibiti a Keke Napep, uwarta tana rungume da ita, ni ina riƙe da ƙafafunta. Kwana biyu ta yi ba ta farfaɗo ba. Ranar Alhamis bayan azahar Allah Ya karɓi abarSa. Ni na ja ruwan da aka yi mata wanka da shi, guga huɗu.

Malama ta dawo bayan an yi arba'in. Ta shigo ta durƙusa ta yi mini gaisuwa, ta yi kuka tare da maiɗakina. Ba ta ce komai a kan ruwa ba, ni ma ban ce ba. Muka yi wata biyu a haka. In mun haɗu a ƙofa mu gaisa, ita ta kalli ƙasa, ni in kalli titi. Na ci gaba da sha daga rijiyar, har fiye da da. Ina jin in na daina, na amsa laifi.

Sai wata safiya matar maƙwabcinmu ta shigo da ɗanta a goye, sa'an auta ne, tare suke wasa a gindin katanga. Ina zaure na ji tana tambayar maiɗakina, "Yaya, wane magani kuka ba marigayiya na ciwon cikin nan? Yaron nan kwana shida ke nan ba ya cin komai, sai kuka."

Ranar ban je shago ba. Na jira har Malama ta dawo, na tsaya a ƙofar ɗakinta na yi sallama, abin da ban taɓa yi ba.

"Malama, zaren nan naku. Yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"A kawo shi."

Ranar Lahadi da safe ta shimfiɗa farar takarda a kan ɗan teburin tsakar gida. Maiɗakina tana ɗaki, ba ta fito ba. Malama ta buɗe wata 'yar kula mai ƙanƙara ta fito da kwalabe uku, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba. A cikin kowace akwai ruwa ja kamar zoɓo. Na yi zaton zan ga inji mai waya da fitilu. Wannan ne kawai, sai wani abu mai kama da biro da take ɗiban ruwa da shi.

Ta riƙa yi mini bayani ban tambaya ba. Ta ce yadda ake samo zaren, ana yin su ne birjik, ba su ƙirguwa, kowanne da tsarinsa. A zuba su a kan gubar, a wanke. Wanda bai riƙe ba ya bi ruwan wanki. Wanda ya riƙe a ƙara yawansa, a sake zubawa, a sake wankewa, kamar mai rairayar shinkafa, har sai wanda ya fi riƙo ya rage. Jan da nake gani kuwa ƙurar zinare ce. Zaren yana lulluɓe da ita, shi ya hana ta dunƙulewa. In dalma ta shigo, sai ya saki zinaren ya tafi ya naɗe dalmar, zinaren ya dunƙule, launi ya juya.

A kwalba ta farko ta ɗiga ruwa mai tsabta da ta zo da shi. A ta biyu ta ɗiga wanda ita da kanta ta sa wa dalma, don ta tabbata zaren yana aiki. Ta uku ta ce in jawo da kaina. Na je na ja, na kawo a kofin gilashin nan dai. Ta ɗiba ta ɗiga. Ta bi su da ɗigon ruwan gishiri, ta ce mu jira.

Kaji suna tone-tone a gefe. Daga bayan katanga ana jin ƙarar gatari a kan batir, don su ba su san Lahadi ba. Ta farko ta tsaya a janta. Ta biyu ta juya, ta koma shuɗi-shuɗi kamar ruwan bula. Na kafa wa ta uku ido ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da farko kamar ba abin da ya faru. Sai jan ya fara dusashewa, ya yi duhu, ya bi 'yar'uwarta.

Na ce, "Launi ya canja."

Ban san na faɗa a fili ba sai da ta ce, "Ya canja, Baba."

Ta ce kada in yanke hukunci tukuna, abin nasu har yanzu gwaji ake yi, wani lokaci yakan yi kuskure, za ta kai ruwan babban inji a tabbatar. Amma daga yau kada kowa ya sha, kuma yaron maƙwabta a kai shi a auna jininsa, a faɗa wa likita a fili cewa dalma ake zargi. Ta ce ƙasar gindin katanga ma abin tsoro ce, inda yara suke wasa suna kai hannu baki.

Na bar ta ta gama. Sannan na yi tambayar da ta kawo ni.

"Shi ne ya kashe ta?"

Ta rufe kwalaben, sannan ta amsa.

"Baba, zaren nan abu ɗaya ya sani. Yana gaya mini abin da ke cikin ruwan yau. Abin da ya same ta, sai da a ce an auna jininta tana..." Ba ta ƙarasa ba.

Ruwan yau ke nan. Na jiya ba mai auna mini shi. Na so ta ce e, in san abin da zan ɗauka har kabari. Na so ta ce a'a. Ba ta ba ni ko ɗaya ba, kuma na san gaskiya ta faɗa.

Bayan mako biyu ta zo da takarda. Babban injin ya ce abin da zaren ya ce. Dalmar da ke ciki ta wuce abin da aka yarda mutum ya sha, nesa ba kusa ba. Yaron maƙwabta an same ta a jininsa, aka sa shi a magani. Yana nan da ransa. In ya wuce ta ƙofar shagona ina yi masa addu'a, amma ba na iya daɗewa ina kallonsa.

Tun ranar Lahadin na cire guga na rufe bakin rijiyar da kwano, na bi gida-gida ina faɗa. Wasu suka gode. Wasu suka ce in an hana su wannan, wanne za su sha? Da rana in na tafi shago sai a ɗage kwanon a zura wani guga. Da na ga haka na kira birkila, na sayo siminti da rodi.

Ranar da za a rufe ta, abokina ladanin masallacinmu ya zo. Tare muka tashi, a zaure ɗaya muka yi karatu. Ya ce, "Haba, tela. Sadakar Baba za ka binne saboda maganar 'yan boko?" Ya karɓi gugan birkila ya ja ruwa, ya zuba a moɗa, ya ɗaga saitin rana.

"Duba mini nan. Launi?"

Ya sansana, ya kai baki zai kurɓa, na riƙe hannunsa. Ban taɓa riƙe hannun babba haka ba. Ruwan ya zube a kan takalmansa. Ya dube ni, na dube shi, ya ajiye moɗar ya tafi. Sati guda bai yi mini magana ba.

'Yan gwangwan kuwa mai unguwa ya kira su aka zauna. Ba su yi gardama ba, suka ce wallahi ba su sani ba, kuma na yarda ba su sani ba. Suka loda kayansu a mota suka koma wajen Diko. An ce mini can ma batir suke fasawa, kuma can ma akwai gidaje.

Da simintin ya bushe, abu ɗaya ya rage mini. Maiɗakina ba ta san Malama ta taɓa roƙona na hana ba, haka nake zato. Wata la'asar na same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na zauna a kan turmi. Na ce akwai maganar da na daɗe ina ɓoye mata. Na faɗa mata duka, har da kofin gilashi, har da maganar alƙali, har da ruwan ledar da aka yi wa auta tayi na ƙi. Ban rage komai ba.

Ba ta ɗago ba. Tun da auta ta fara tafiya Baban Auta take ce mini. Tun ranar Alhamis ɗin nan ta koma Maigida.

"Na sani, Maigida."

"Malama ce ta gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini. Ina tsakar gida, jikin katanga, ina shanya. Na ji komai, har dariyarka."

"To me ya hana ki magana?"

"Rijiyar Baba ce. Kuma da ka tafi na je na ja da kaina na duba. Garai-garai."

Ta ware wani wake mai ƙwari ta jefa wa kaji.

"Kai sau ɗaya ka hana," ta ce. "Kana shago wuni guda. Ni nake cika mata kofin."

Na buɗe baki in ce ba laifinta ba ne, sai na ga in na faɗa, ita ma abin da za ta ce mini ke nan, kuma ba wanda zai yarda a cikinmu. Muka zauna. A waje mai ruwa ya tsaya da kurarsa yana buga jarka, ya san yanzu mu ma masu saye ne. Ta ajiye faifan ta yafa mayafi ta fita. Ta ƙofar zaure ina hango ta. Ta sa ya buɗe jarka ɗaya, ta tsiyaya kaɗan a tafin hannunta, ta duba, ta sansana, ta ɗanɗana. Sannan ta ce ya shigo da biyu.